Daga Lozan zuwa Aosta a ƙafa: kamfanin ya iya dako, amma ya rage wa dutse tsawo

Ba zan kama sunan kamfanin ba, don akwai inda zan sa masa albarka, akwai inda zan ja masa kunne, kuma irinsa sun cika intanet, kusan hajarsu ɗaya. Abin da suke sayarwa shi ne su kama maka wurin kwana a kowane zango, su ɗauki jakarka da safe su kai ta masaukin gaba a mota, su ba ka taswira a waya da lambar da za ka kira idan ka shiga uku. Tafiyar kuwa ƙafarka ce za ta yi. 'Yata da ke aikin jinya a Jeniba ita ta biya, ita ta raka ni. Ni kuma da na tsufa ina auna atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ko kyauta aka ba ni kaya sai na juya bayansa na duba saƙar.

Sunan hanyar Via Francigena. Tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada ce daga Kantabari ta Ingila zuwa Roma, wajen kilomita 2,000, kuma zangunanta an ɗauko su ne daga tafiyar wani Akbishop mai suna Sigeric, wanda ya je wurin Paparoma a shekarar 990, da zai koma gida aka rubuta duk inda ya yada zango. Mu guntu muka yanka: daga Lozan a bakin tafkin Jeniba, mu haye tsaunukan Alps ta mashigin Saint Bernard Babba, mu gangara Aosta a Italiya. A ɓangaren Suwizalan lambar hanyar 70, tana manne a jikin alluna masu ruwan ɗorawa a kowace mararraba. Wannan aikin ƙasar ne, kamfanin bai dasa ko allo ɗaya ba, kuma ya kamata mai saye ya san haka: ko bai biya kowa sisi ba, da wuya ya ɓata.

Alherinsu na farko tun ina Kumasi na gan shi. Duk ɗan Gana da ya taɓa neman bizar Shengen ta shiga Turai ya san ana son a ga inda zai kwana kowane dare, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. 'Yata na biyan kafin alƙalami suka turo takarda ɗauke da sunana daidai yadda yake a fasfo, da sunan kowane masauki da ranarsa. Ita na haɗa da takardar gayyata na hau mota zuwa Akra. Inshorar ba ta cikin kuɗinsu, sun rubuta hakan amma can ƙasa da ƙananan haruffa. A saye ta daban, a kuma tambaya ko ta haɗa da sauko da mutum daga kan dutse da jirgi mai saukar ungulu, don a can ba sadaka ake yin wannan aikin ba.

Sai dako, wanda shi ne ya ci kuɗinsa da guminsa. Jaka ɗaya ga mutum ɗaya, kada ta wuce nauyin da suka yanka, a ajiye ta wurin mai masauki kafin ƙarfe 8 na safe. Ba mu taɓa sa direban a ido ba, amma duk inda muka isa jaka ta riga mu, har da kwalbar shito, yajinmu na Gana, da na naɗe a zani ba ta taɓa tsiyaya ba. Wata Bajamushiya da muka riƙa haɗuwa da ita, tana goye da jakarta tun daga Faransa, ta ce wa 'yata wai wanda bai ɗauki kayansa ba rabin ziyara ya yi. Na ce a gaya mata ni 'yar kasuwa ce: in na sari dila a Kejetia nakan kira 'yar dako na biya ta haƙƙinta, kuma ba a taɓa ce mini dilar ta zama rabin tawa ba. Ta yi dariya, daga ranar kuma in ta hango ni sai ta ɗaga sanda ta ce "Mama Gana".

A cikin kayan da suka aiko har da ɗan littafin mai ziyara, wanda ake buga wa hatimi a coci-coci da masaukai. Hatimin farko a babbar majami'ar Lozan muka same shi, ginin da aka keɓe a 1275, yana hannun 'yan Furotesta tun 1536. Abin da takardun kamfanin ba su ambata ba, sai mai masaukinmu ce ta tsegunta mana, shi ne har yau akwai mai gadi da ke hawa hasumiyar yana shelar sa'o'i da muryarsa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2, al'adar da aka san da ita tun 1405. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe 9, don haka muka tsaya muka ji shi ba tare da barci ya ɗauke ni ba.

Daga Lozan zuwa Vevey takardarsu ta ce tafiya ce mai sauƙi a bakin ruwa. Nan na fara gane bakin mai talla. Farkonta haka ne, amma daga baya hanyar takan bar bakin ruwa ta hau cikin gonakin inabin Lavaux, waɗanda aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tudu da katangun dutse, har UNESCO ta sa su a jerin kayan tarihin duniya a 2007. Kyau kam ba a magana. Wanda ya saba da tafkin Bosomtwi namu na Gana zai ga wannan ya ƙi ƙarewa, jiragen ruwa na kai da komo, duwatsun Faransa a tsallake. Sai dai babu inuwa ko ta tsuntsu, katangun na mayar da zafin rana, matakala kuma hawa da sauka. Ni da na fito daga unguwar Asawase ta Kumasi ina tsoron sanyi, zufa ce ta fara jiƙa ni. Abin da ya cece mu famfunan ƙauyuka ne masu zuba dare da rana, ruwan sha ne sai inda aka rubuta akasin haka. A Vevey 'yata ta nuna mini hedkwatar Nestlé, na tsaya na kalli inda kuɗin Milo da madarar Ideal da na yi shekaru ina saye suke zuwa su kwanta.

Montreux, fadar Chillon da ke zaune cikin ruwa, Villeneuve inda tafkin ya ƙare, sai kwarin kogin Rhône shimfiɗe zuwa Aigle. Masaukan nan duk tsaf suke, ruwan zafi, gado mai kyau, karin kumallo burodi da cuku. Ba ni da ƙorafi, ba ni kuma da labari.

Saint-Maurice ce ta sa na yarda da tafiyar tun farko. Fadan cocinmu ne ya fara ba ni labarin wurin. Gari ne ƙarami da ya maƙale tsakanin kogi da wani dutse tsaye ƙiƙam, a gindin dutsen kuma akwai gidan sufaye da sarki Sigismund ya kafa a 515, ba a daina addu'a a cikinsa ba har yau. A 2015 suka yi bikin cika shekara 1,500. Wanda aka gina wurin dominsa, Waliyyi Moris, wanda garin ya ci sunansa, ɗan Afirka ne. Kamar yadda tarihin coci ya zo da shi, shugaban wata rundunar sojan Roma ne da aka ɗebo daga Thebes ta ƙasar Masar, aka umarce su da abin da ya saɓa wa bangaskiyarsu a ƙarshen ƙarni na 3, suka ƙi, aka karkashe su a wannan kwarin. A wasu coci-cocin Turai baƙin mutum ake sassaƙa shi, kuma duk shekara a watan Yuni 'yan Afirka mazauna Suwizalan sukan taru a nan da ganguna da waƙoƙinsu. Na shiga lokacin addu'ar yamma. Limaman na rera zabura da Faransanci, ba na jin ko kalma, amma na zauna a benci na baya da carbina ina tunanin mutumin da ya baro bakin kogin Nilu ya zo ya mutu a ƙarƙashin wannan dutse mai sanyi, kuma mutanen ƙasar suka riƙe sunansa fiye da na sarkin da ya kashe shi.

To a irin wannan gari, ina kamfanin ya sauke mu? Otal. Otal mai kyau, da talabijin da ƙaramin firji. Sai washegari muka ji daga bakin Bajamushiyar cewa ita a masaukin masu ziyara na limaman ta kwana, da kuɗi kaɗan, an kuma tashe ta da ƙararrawar addu'ar safe. Raina ya ɓaci. Na fahimci lissafinsu: otal yana da mai karɓar jaka a ƙofa, yana da ɗaki da banɗakinsa, kuma babu mai dawowa ya yi musu ƙara a kan gado. Amma a fom ɗin da muka cike akwai wurin dalilin tafiya, 'yata ta rubuta ibada ɓaro-ɓaro. Ko dai ba a karanta ba, ko an karanta an ajiye. Daren nan na ce mata, "Ki kira su, kwanan kan dutse a gidan limamai nake so, ko a ƙasa za su shimfiɗa mini." Ta ce, "Mama, ɗaki ɗaya ne da mutane da yawa fa, har da masu minshari." Na ce wadda ta yi kwanan Buoho, wurin ziyarar ibadarmu kusa da Kumasi, a kan tabarma ba minshari zai kore ta ba. Aka yi ta rubuce-rubuce, daga ƙarshe suka sauya. Suna iyawa ke nan, sai dai sai ka matsa.

Babban laifinsu kuwa kalma ɗaya ce da suka liƙa wa tafiyar gaba ɗaya: matsakaiciya. Matsakaiciya ga wa? Ga wanda aka haifa da dutse a bayan gidansu. Ga lissafin da ya kamata a ba mutumin Gana. Tafkin Jeniba yana kan mita 372 daga matakin teku. Dutsen Afadjato, wanda muka fi sani da tsawo a ƙasarmu, an saba cewa mita 885 ne. Orsières, garin da ake kwana kafin a fara hawan gaske, ya riga ya kai kusan 900. Bourg-Saint-Pierre 1,632. Mashigin kansa 2,469. Na yi shirina, na hau dutsen Atwea, na yi ta zagayen Hanyar Gicciye a Buoho da takalmin hawan dutse da na tsinta a gwanjo don ya saba da ƙafata, kuma duk sun taimaka wa cinya. Amma ba su koya wa ƙirji yadda iska ke raguwa ba.

Tsakanin Martigny da Orsières ne abin ya fito fili. Wajen Bovernier hanyar takan tsuke a gefen tudu, kogin Dranse na ruri a ƙasa, ga tarin manyan duwatsu da sai an dafa, wani wurin an kafa sarƙa a riƙe. An yi ruwa da dare, ƙasa na santsi. Takardar kamfanin layi ɗaya ta ba wurin, wai a kula. Ranar Lahadi ce. 'Yata ta kira lambar gaggawar da suka ce tana aiki kullum, na'ura ta amsa, ta bar saƙo, ba a kira mu ba sai da muka yi wanka a Orsières. Wani dattijo mai yawo da kare ne ya dubi ƙafata, ya dubi sama, ya nuna mana tashar jirgin ƙasa, ya ce masu ziyara da yawa jirgi suke hawa su tsallake nan zuwa Sembrancher, babu abin kunya. Haka muka yi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka karɓi kuɗin lambar gaggawa, to ka ajiye mutum kusa da wayar, Lahadi ko ba Lahadi ba.

Ranar hawan ƙarshe kusan kilomita 12 ce kawai daga Bourg-Saint-Pierre, amma ta ci mana yini. Ana wuce madatsar ruwa ta Toules, itatuwa su yi ta gajarta har su ƙare, sai ciyawa da duwatsu da shanu masu ƙararrawa a wuya, da wasu dabbobi masu kama da gafiya da ke fito in sun hango mutum. Taku ashirin, in tsaya in jingina da sanda. Kwarin ƙarshe sunansa Combe des Morts, wato Kwarin Matattu, saboda matafiyan da ƙanƙara ta rufta wa a can, kuma a tsakiyar Yuli muka taka ragowar ƙanƙara a cikinsa. Ta nan Napoleon ya ratsa da soja wajen 40,000 a watan Mayun 1800, suna jan igwa. Na tausaya wa iyayen yaran.

Ba a ganin gidan limaman da ke kan mashigin sai an kusa cin karo da shi: dogon gini mai kauri, ba ado, a bakin wani ɗan tafki da iyakar Italiya ta ratsa gefensa. Waliyyi Bernard ya kafa shi wajen shekarar 1050 don matafiya da sanyi da 'yan fashi ke hallakawa, limaman ɗariƙar Augustine ke riƙe da shi, kuma suna nan rani da hunturu, ko a watannin da ƙanƙara ke rufe titi daga Oktoba zuwa farkon Yuni. Takensu shi ne a nan ake bauta wa Kristi, a nan ake ciyar da shi. Muna shiga aka nuna mana inda za mu cire takalmi mu sa silifa, wani limami mai furfura ya zaunar da ni ya miƙo mini shayi mai zafi a kwano, ba kofi ba, na riƙe da hannu biyu don yatsuna sun ƙage. Bai tambaye ni takardar kamfani ba sai da na shanye. Bai tambaye ni cocin da nake zuwa ba sam.

Abincin dare tebur ɗaya ake ci, miya a babbar tukunya, kowa ya zuba wa na kusa da shi. Wata tsohuwa 'yar ƙasar ta tambayi daga ina nake, na ce Kumasi, ta ce ba ta taɓa ji ba. Na sa 'yata ta gaya mata cewa mutuminsu Ramseyer, ɗan mishan ɗin Basel, Asantawa sun kama shi a 1869 ya zauna a garinmu har 1874, daga baya ya dawo da ƙafarsa, kuma yau akwai coci da sunansa a Adum. Ta riƙe baki. Bayan abinci aka sauka ɗakin addu'a na ƙarƙashin ginin, rufinsa ƙasa-ƙasa, bangonsa dutse, da ɗumi. Wanda ya ga dama ya zo, wanda bai ga dama ba ya tafi ya kwanta. Minshari kam an yi shi. Kuɗin kwanan nan bai kai na kowane otal da aka sauke mu ba, kuma kamfanin bai mayar mana da bambancin ba sai da aka tambaya.

Karnukan Saint Bernard, manyan nan da ake gani a hoto, suna nan da rani, a bayan shinge, ana biya a gan su. Tun 2005 wata gidauniya a Martigny ce ke kiwonsu, ba limaman ba. Jikokina sun fi murna da hotonsu fiye da komai.

Hajiya maƙwabciyata a kasuwa ta tambaye ni ko Musulmi zai iya bin hanyar don motsa jiki da kallon ikon Allah. Zai iya, Hajiya, babu mai tare shi, amma ya buɗe baki a kan abinci tun wuri. Naman alade yana shiga miya da tsiran da ake yankawa da safe, ruwan inabi yana shiga girki, kuma fom ɗin kamfanin ya tanadi masu ƙin nama ne kawai, don haka ya fi sauƙi mutum ya ce shi ba ya cin nama. Mu kanmu garin rogo da shito sun rufa mana asiri, domin abincin dare ba ya cikin kuɗin, faranti ɗaya a gidan abinci yakan haura faran 25 na kuɗin Suwizalan, in ka juya shi zuwa sidi, kuɗinmu na Gana, sai yunwar ta gudu. Shaguna a ƙauyukan suna rufe ranar Lahadi. Soket ɗinsu ba irin namu ba ne. Layin wayar da ke aiki a Italiya ba lallai ya yi aiki a Suwizalan ba tare da ƙarin caji ba, tunda ba ta cikin Tarayyar Turai. A duk waɗannan, na soket kaɗai takardunsu suka faɗa.

Gangara zuwa Italiya ta fi hawa cin gwiwa, ta Saint-Rhémy da Étroubles, sai wani yanki mai daɗi a gefen tsohuwar magudanar ban ruwa cikin inuwar itatuwa, har Aosta da ke kan mita 583, da ƙofofinta na zamanin Romawa. Can na ci polenta, tuwon masararsu, da narkakken cuku, kuɗinsa kuma ya sauko yadda mutum zai ci ya ƙoshi ba tare da ya riƙe ƙirji ba. Jakunkunanmu sun tsallake iyaka sun riga mu kamar kullum.

Da 'yata ta rubuta musu ƙorafi a kan wayar Lahadi, sun amsa da ladabi, sun mayar da kuɗin jirgin ƙasa da bambancin kwanan kan dutse, amma har ranar da na baro kalmar matsakaiciya tana nan a tallarsu. Matan ƙungiyarmu ta coci da ke tara kuɗi don su je, na ce musu su sayi dakon da takardar biza, su sa a rubuta musu kwanan Saint-Maurice da na kan dutse a gidajen limamai kafin su biya ko kwabo, kuma kada su tafi sai da wadda ke jin Faransanci, tsakanin ƙarshen Yuni da Satumba. Yanzu kamfanin ya dame mu da saƙon talla, wai mu ci gaba daga Aosta zuwa Vercelli da ragi. Na tambayi 'yata me ke Vercelli, ta ce gonakin shinkafa da sauro. Na ce ta amsa musu cewa waɗannan biyun muna da su a gida, in suna da ragi a ɓangaren da ke shiga Roma su turo farashi.